Jamhuriyar Cek: Kowa Na Da Aiki, Amma Wa Ke Da Dukiyar?

Da a ce alƙaluma kaɗai ke nuna jin daɗin al'umma, da mutanen Jamhuriyar Cek ba su da abin kuka. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 11 a tsakiyar Turai, tana iyaka da Jamus da Folan da Sulobakiya da Ostiriya. Ta daɗe tana sahun gaba a Tarayyar Turai wajen ƙarancin marasa aikin yi, waɗanda ba su cika wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Tazarar kuɗin shiga tsakanin na sama da na ƙasa ba ta kai ta Ingila ko Italiya ba. Inshorar lafiya ta game kowa, jami'ar gwamnati kuma kyauta ce ga wanda zai yi karatu da harshen ƙasar. Duk da haka, a zaɓen Oktoba 2025 jama'a suka juya wa gwamnatin Petr Fiala baya, suka ba jam'iyyar ANO ta attajiri Andrej Babiš kusan kashi 35 cikin 100 na ƙuri'u, bayan ya shafe yaƙin neman zaɓe yana faɗa musu cewa an tsiyata su.

Masu sharhi da yawa a Firag, babban birnin ƙasar, sun ce ruɗu ne kawai da daɗin baki irin na 'yan siyasa. Ni ban gamsu da wannan ba. Ma'aikacin da ke tashi da asuba ya tafi masana'anta bai buƙatar kowa ya faɗa masa yadda aljihunsa yake. A ganina, abin da ke ci wa mutanen Cek tuwo a ƙwarya shi ne mallaka. Aiki akwai, amma masana'antar da ake aikin a ciki ta baƙi ce, gidan da matashi ke son saye ya fi ƙarfinsa, ga kuma dubban ɗaruruwan mutane da albashinsu ma ba nasu ba ne, na masu binsu bashi ne. Duk wanda ya fahimci waɗannan ukun ya fahimci siyasar ƙasar.

Rabon da ya bar baya da ƙura

Tushen maganar yana shekarun farko bayan faɗuwar mulkin gurguzu a Nuwamba 1989. A lokacin kusan komai na gwamnati ne, daga masana'antar ƙarfe har shagon unguwa. Václav Klaus, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi kafin ya zama firayim minista, ya tsaya kai da fata a kan a mayar da dukiyar hannun jama'a cikin gaggawa. Sai aka fito da tsarin takardun rabo: duk baligi zai biya koruna (kuɗin ƙasar) dubu ɗaya da 'yan kai, a ba shi ɗan littafi mai maki, ya yi amfani da makin ya sayi hannun jari a kamfanonin gwamnati. An yi zagaye biyu tsakanin 1992 da 1994, mutum kusan miliyan 6 suka shiga kowane zagaye. A tsakiyar wannan hidima ne ma ƙasar Cekoslobakiya ta rabu gida biyu cikin lumana, Cek da Sulobakiya, ranar 1 ga Janairu 1993.

A takarda, wannan adalci ne tsantsa. A aikace, mutumin da ya yi shekara arba'in ƙarƙashin gurguzu bai san yadda ake karanta lissafin kamfani ba. Saboda haka mafi yawan mutane suka miƙa makinsu ga asusun zuba jari da suka yi ta ɓullowa, cikinsu har da na Viktor Kožený, wanda ya yi wa jama'a alkawarin ninka musu kuɗinsu sau goma, daga baya ya tare a tsibirin Bahamas, kotun Cek ta yanke masa hukunci a bayan idonsa. Dokar kare ƙananan masu hannun jari ba ta da haƙora a lokacin. Manajoji da masu asusu suka riƙa kwashe kadarorin kamfanoni ta bayan gida, su bar wa sauran masu hannun jari kango. Bankunan gwamnati suka ba da rancen da bai dawo ba, kuɗin ƙasa ya shiga rikici a 1997, a shekarar 2000 kuma bankin IPB, ɗaya daga cikin manyan bankunan ƙasar, ya durƙushe har sai da hukuma ta karɓe shi.

Darasin da ƙasar ta ɗauka daga wannan shi ne gara baƙo mai gaskiya da ɗan gida mai dogon hannu. Kuma akwai hujja. Kamfanin motoci na Škoda da ke Mladá Boleslav, wanda Volkswagen na Jamus ya shiga cikinsa a 1991 ya kuma mallake shi gaba ɗaya a 2000, ya farfaɗo ya zama abin alfaharin ƙasa. Masana'antar ƙarfe ta Poldi da ke Kladno, wadda aka damƙa wa ɗan ƙasa, ta ruguje. To sai aka buɗe ƙofa. Yau manyan bankuna uku na ƙasar duk na waje ne: Česká spořitelna na ƙarƙashin Erste na Ostiriya, ČSOB na ƙarƙashin KBC na Beljiyam, Komerční banka na ƙarƙashin Société Générale na Faransa. Hatta kamfanin giyar Pilsner Urquell, wadda garin Plzeň ya yi suna da ita, tun 2017 yana hannun Asahi na Japan.

Masana'antar wani, gumin wani

Babu mai musun cewa jarin waje ya kawo aiki. Bayan Škoda, Toyota na ƙera motoci a Kolín, Hyundai kuma a Nošovice. Ƙasar na fitar da mota sama da miliyan ɗaya a shekara, abin da ya sa take cikin na gaba a duniya idan aka auna da yawan jama'a. Kewaye da waɗannan akwai ɗaruruwan kamfanoni masu yin fitila da kujera da waya da burki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan da Cek ke fitarwa Jamus suke zuwa.

Amma mutanen ƙasar da kansu suna kiran tattalin arzikinsu "montovna", wato rumfar harhaɗa kaya. A wani wuri ake yanke shawarar abin da za a ƙera, a wani wuri ake sa farashi, a wani wuri ake sayar wa mai saye na ƙarshe, kuma a waɗannan matakan ne riba mai tsoka take. Abin da ya rage wa ɗan kwangila shi ne ya yi aiki mai kyau cikin araha. A ƙarshen shekara kuma ɗaruruwan biliyoyin koruna su fice daga ƙasar a matsayin ribar masu hannun jari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sakamakon yana bayyana a takardar albashi. Matsakaicin albashi a 2024 ya kai wajen koruna 46,000 a wata kafin cire haraji, wanda bai kai rabin na Jamus ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikata ba sa samun ko wannan matsakaicin. Mafi ƙarancin albashi a 2025 koruna 20,800 ne. Shi ya sa dubban mazauna kan iyaka ke tsallakawa Jamus da Ostiriya kullum su yi aiki su dawo gida su kwana. Irin aikin ɗaya ne, hannun ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta.

Abin ya fi ciwo saboda ƙasar ta taɓa sanin wani matsayi. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, Cekoslobakiya na cikin ƙasashe masu ƙarfin masana'antu a duniya, kuma da sunanta take sayar da kayanta. Takalmin Bata da 'yan makarantar Najeriya suka daɗe suna sawa, wanda har wani yanki a Kano ya ci sunansa, asalinsa garin Zlín ne, inda Tomáš Baťa ya kafa kamfanin a 1894. An ƙwace masana'antar gida a 1945, iyalan suka ci gaba da kamfanin daga Kanada, yau hedikwatarsa na Suwizalan. Sunan na Cek ne, ikon yana wani wuri.

Ba wai babu attajirai 'yan ƙasa ba. Marigayi Petr Kellner ya gina kamfanin PPF tun daga zamanin takardun rabo. Daniel Křetínský ya mallaki tashoshin wuta a ƙasashen Turai da dama, a 2025 ma ya saye kamfanin da ke riƙe da gidan wayar Ingila, Royal Mail. Shi kansa Babiš da Agrofert ya yi arziki, rukunin kamfanonin taki da noma da abinci. Wato jari na gida ya taru, amma a hannun 'yan tsiraru. Shi ya sa ƙasar ke da daidaito a albashi, amma ba ta da shi a dukiya.

Wannan tsari ya yi aiki muddin makamashi na da araha, Jamus kuma na saye. Daga 2021 abubuwa biyun suka fara tangal-tangal. Yaƙin Yukiren ya ɗaga farashin gas da lantarki, hauhawar farashi ta kai kashi 18 cikin 100 a Satumba 2022, matsakaicinta a shekarar ya wuce kashi 15, a 2023 ma ya haura kashi 10. Albashi ya shafe fiye da shekara biyu yana rasa ƙarfin saye. Mutane suka riƙa cika mota suna shiga Folan cefane saboda can ya fi sauƙi. Ga kuma batun motar lantarki, wadda ba ta buƙatar yawancin sassan injin da ƙananan kamfanonin Cek suka ƙware a kai. Lokacin da Volkswagen ya jingine maganar gina masana'antar batir kusa da Plzeň a 2023, kowa ya ga inda ake yanke hukunci.

Gida ya zama gado

Mallaka ta biyu ita ce ta muhalli. Kusan uku cikin huɗu na mutanen Cek a gidan kansu suke zaune. Da yawansu sun samu ne a shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da ƙananan hukumomi suka sayar wa 'yan haya gidajen gwamnati a farashi mai rahusa, musamman ɗakunan dogayen benayen siminti da aka gina zamanin gurguzu. Wanda ya saya a lokacin ya tsira, domin abin da ya biya jiya ya ninka sau da yawa. Amma da aka sayar, ba a gina wasu ba. Birnin Viyana da ke maƙwabtaka ya riƙe gidajensa, har yau yana ba da haya mai sauƙi ga ɗimbin mazauna. Garuruwan Cek sun wayi gari da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Rahoton shekara-shekara na kamfanin Deloitte ya sha sanya ƙasar a sahun farko na wuraren da sayen gida ya fi wuya a Turai: sai mutum ya tara albashinsa na kimanin shekara 13, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi sabon gida mai faɗin murabba'in mita 70. Izinin gini na ɗaukar shekaru. Da aka yi yunƙurin mayar da neman izinin ta intanet a Yuli 2024, tsarin ya cije, har ya ci kujerar minista Ivan Bartoš, jam'iyyarsa ta fice daga gwamnati. Ga kuɗin ruwa: babban bankin ƙasa ya kai shi kashi 7 cikin 100 a tsakiyar 2022, lamunin gida ya gagari masu ƙaramin ƙarfi. A tsakiyar Firag kuma gidaje da yawa sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido ta Airbnb.

Abin da wannan ya haifar shi ne rabuwar matasa gida biyu. Malamar makaranta da iyayenta ke da ɗaki a Firag ko Brno tana da makoma. Abokiyar aikinta da ta zo daga ƙauye, mai digiri iri ɗaya da albashi iri ɗaya, za ta ƙare ƙuruciyarta tana biyan haya. Alkawarin 1989 shi ne ƙoƙarinka ya kai ka. Kasuwar gidaje ta ce a'a, abin da iyayenka suka saya ne zai kai ka. Harajin kadara a ƙasar kuma yana cikin mafi ƙanƙanta a Turai, alhali nauyin da ke kan albashi mai yawa ne. Wato dokar haraji ma ta fi tausayin mai gida uku a kan mai aiki biyu.

Ba abin mamaki ba ne haihuwa ta faɗi. A 2021 matsakaicin haihuwar mace ya kai 1.8, yana cikin mafi yawa a Turai. Zuwa 2024 ya gangaro ƙasa da 1.4, jariran da aka haifa ba su kai 85,000 ba. Dalilai na da yawa, amma ma'auratan da ke ɗaki ɗaya na haya ba sa gaggawar haihuwar ɗa na biyu. Ga ƙarancin wuraren renon yara 'yan ƙasa da shekara 3, wanda ke zaunar da uwa a gida shekaru, ta dawo ta tarar abokan aikinta maza sun yi mata nisa. Gwamnatin Fiala ta amsa da ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali zuwa 67. Lissafin fansho ya buƙaci hakan, amma ba shi zai cika ɗakin haihuwa ba.

Albashin da ba na mai shi ba

Mallaka ta uku ita ce wadda baƙo mai yawo a gadar Charles ta Firag ba zai taɓa gani ba. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma yadda ake ƙwato shi ne ke nuna halin ƙasa. A 2001 Cek ta miƙa aikin zartar da hukuncin bashi ga jami'ai masu zaman kansu, waɗanda ke cin abinci daga kuɗin da suka ƙwato. Mai bin bashi ne ke zaɓar jami'in da yake so, daga kowane yanki na ƙasar. A lokaci guda kamfanonin rance masu tsawwala kuɗin ruwa suka cika gari, ba tare da wani takunkumin kirki ba sai a 2016.

Haɗuwar waɗannan biyun ta zama tarko. Tarar shiga motar haya ba tikiti, ko kuɗin kwashe shara da aka manta, sai ta kumbura da kuɗin lauya da na jami'i da kuɗin ruwa har ta ninka sau goma ko fiye. An samu yara da suka cika shekara 18 suka tarar da bashin da aka rubuta da sunansu tun suna ƙanana. A 2017 mutum sama da 860,000 ne ke ƙarƙashin irin wannan hukunci, kusan baligi ɗaya cikin goma, kuma da yawansu ba hukunci ɗaya ke kansu ba. Adadin ya ragu, amma har yanzu ya kai wajen 600,000.

Mutumin da ake yanke masa albashi tun kafin ya shigo hannunsa, a bar masa abin da zai ci kawai, ba shi da dalilin neman ƙarin girma. Gara masa aikin ɓoye a biya shi a hannu. Gwamnati ta yi asarar haraji, shi kuma ya yi asarar fansho. Ba mai ba shi hayar gida mai kyau, sai ya faɗa gidajen kwana na 'yan kasuwar talauci, waɗanda ke cajin kuɗi mai yawa a kan ɗaki mara kyau saboda sun san tallafin gwamnati ne zai biya. Binciken masanin zamantakewa Daniel Prokop da abokan aikinsa ya nuna cewa yankunan da wannan bashi da rashin muhalli suka yi katutu su ne yaransu suka fi faɗuwa a makaranta.

Kuma yankunan sanannu ne: Ústí nad Labem da Karlovy Vary a arewa maso yamma, sai kewayen Ostrava da Karviná a gabas. Na farkon biyu suna cikin ƙasar da aka kori Jamusawa kusan miliyan 3 daga cikinta bayan yaƙin duniya na biyu, aka cika ta da baƙin da ba su da tushe a wurin, aka ɗora ta a kan kwal da manyan masana'antu. Da waɗannan suka ja baya, babu abin da ya maye gurbinsu. A nan ne kuma 'yan ƙabilar Roma da yawa suke, waɗanda wariya ta ƙara wa nauyi. Tun 2007 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta samu ƙasar da laifin tura yaran Roma na Ostrava makarantun masu naƙasar ƙwaƙwalwa, kuma har yau ba a gama raba makarantu da wannan ɗabi'a ba.

An yi gyara, ya kamata a faɗa. Shirin yafiya na farko, daga Oktoba 2021 zuwa Janairu 2022, ya ba wanda hukumomin gwamnati ke bi damar biyan uwar kuɗi da ɗan abin da bai kai koruna dubu ba, a yafe masa sauran. A 2024 an rage wa'adin fita daga fatara zuwa shekara 3. Amma shekara ashirin aka yi ana kallo kafin a motsa, kuma wanda ya rayu cikin wannan ba zai yi saurin yarda da kotu ko majalisa ba.

Inda fushin ya nufa

Taswirar bashi da taswirar zaɓe sun yi kama ƙwarai. Inda masu ƙwato bashi suka fi yawan aiki, a nan ne ake ƙin fita zaɓe, ko a zaɓi Babiš da jam'iyyun da ke adawa da baƙi da Tarayyar Turai. Abin takaicin shi ne fushin yakan sauka a kan wanda bai ci ba bai sha ba. Ƙasar ta karɓi 'yan gudun hijirar Yukiren sama da 350,000, adadi mafi yawa a Tarayyar idan aka auna da yawan jama'a. Da yawansu na aiki a masana'antu da gine-gine da gidajen kula da tsofaffi, kuma lissafin ma'aikatar ƙwadago ya nuna abin da suke biya na haraji ya zarce tallafin da ake ba su. Ƙasar da haihuwarta ke raguwa ba ta da hannun da za ta kora. Ba ɗan Yukiren ne ya sayar da gidajen ƙananan hukumomi ba, ba shi ya rubuta dokar 2001 ba.

Ban ga alamar ɗaya daga ɓangarorin siyasar biyu ya shirya taɓa tushen ba. A ƙarshen 2020 jam'iyyar Babiš da ta Fiala suka haɗa ƙuri'a suka rage harajin albashi, ragin da ya fi amfanar masu babban albashi, ya kuma bar gibin biliyoyin koruna a kasafin kowace shekara. Daga baya gwamnatin Fiala ta zo da tsuke bakin aljihu don cike gibin da ta taya haƙawa. Shi kuwa Babiš, alkawarinsa ƙarin fansho ne da rage kuɗin wuta. Wannan na rage raɗaɗi, amma ba ya mayar da ɗan haya mai gida, kuma da wuya mutumin da ya fi kowa cin moriyar tarin dukiya a hannun 'yan kaɗan ya zama mai warware ta.

Abin da ƙasar ke buƙata ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan hukumomi su koma gina gidajen haya su riƙe su. A sauke wa ƙaramin albashi nauyi, a ɗora wani ɓangare a kan gida na biyu da na uku. A haɗa duk basussukan mutum a hannun jami'i ɗaya na yankinsa, a bar masa rabon da zai sa aikin fili ya fi na ɓoye riba. A tura ƙwararrun malamai da kuɗi zuwa Ústí da Karlovy Vary kafin ko'ina. A kuma taimaka wa kamfanonin gida su riƙa sayar da kaya da sunansu, domin ƙasar da ta fitar da manhajar Avast da injiniyoyin Škoda ba basira ta rasa ba. Kowane ɗaya daga waɗannan zai ɓata wa wani mai ƙarfi rai: mai gidaje, mai bin bashi, mai kamfani. Saboda haka ne aka daɗe ana kauce musu, kuma da su ya kamata a auna gwamnatin da ta biyo bayan zaɓen 2025 idan wa'adinta ya cika a 2029.